Bola kyauta ce, jakar bola kuwa da tsada: tarihin wata sana'a mai wuyar sha'ani

1/
Duk lokacin da aka tayar da zancen rashin aikin yi, sai ka ji wani ya ce: "Ga leda nan birjik a titi, a tsince ta a ɗinka jakunkuna mana. Jari kyauta!" Maganar akwai daɗin ji. To amma an fi shekara 30 ana gwada wannan sana'a, daga Turai zuwa Gambiya zuwa Ghana. Ku gyara zama mu ga abin da waɗanda suka riga mu suka tarar. Zare 🧵

2/
Mu fara daga gida. Jaka da kuɗi tun asali tare suke tafiya a bakin Bahaushe. Zamanin wuri, jaka guda na nufin wuri 20,000. Da kuɗin Turawa suka zo ta koma fam 100, daga baya naira 200. A Nijar har gobe in aka ce jika guda, sefa 1,000 ake nufi. Tambayar ita ce: jakar da aka ɗinka da bola tana kawo jakar kuɗi?

3/
Kafin zuwan leda ba mu rasa mazubi ba. Dukawa na ɗinka gafaka, zabira, burgami da taiki, duk da fata. Masu saƙar kaba na yin sanho. In sun tsufa aka yar, ƙasa ce ke cinye su. Sake amfani da tsohon abu ma mun daɗe da iyawa: takalmin taya, fitilar gwangwani, tukunyar zubi da ake narka tsohon alminiyam a yi.

4/
Sai leda ta zo. Sinadarin da ake yin ta da shi, foliyetilin, an gano shi ne bisa tsautsayi a 1933 a ɗakin gwajin kamfanin ICI a Ingila. A 1965 kamfanin Celloplast na ƙasar Suwidin ya yi rajistar ƙirƙirar injiniyansa Sten Gustaf Thulin: leda mai hannu biyu, irin wadda ake zuba maka tumatir a ciki yau.

5/
Abin da ya ba ta nasara shi ne araha. Ta yi arahar da mai shago ke ba ka ita kyauta. Ku riƙe wannan a ranku, domin duk wanda zai ɗinka jaka da bola, abokin gasarsa na farko abu ne da mutane suka saba karɓa ba tare da sun biya ko sisi ba.

6/
Wani bincike da aka buga a 2017 a mujallar Science Advances ya ƙiyasta cewa an ƙera roba tan biliyan 8.3 tun daga shekarun 1950. Daga cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran kashi 79 na jibge a juji, kwata da teku. Kaya kam akwai. To ina gizo ke saƙar?

7/
Zangon farko: birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, 1993. Wasu 'yan'uwa biyu masu zane, Markus da Daniel Freitag, na neman jakar da za su rataya a kan keke ba tare da ruwan sama ya jiƙa musu takardu ba. Gidan da suke haya na kallon babban titin da manyan motocin dako ke wucewa, kowace da tamfol mai launi.

8/
Suka samo tsohon tamfol ɗin mota, suka wanke shi a bahon wankan gidan. Madauri suka yi da tsohon bel ɗin kujerar mota, bakin jakar suka naɗe da tif ɗin tayar keke. Yau wannan jaka tana cikin kayan da gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke New York ya ajiye. Labari mai daɗi ko? Bari ku ji wahalar da ke bayansa.

9/
Matsala ta farko: ba ka da iko da kayan aikinka. Mai sabon yadi zai buga waya ya ce a kawo masa ja bandir goma. Mai tsohon tamfol kuwa sai abin da ya samu. Dole kamfanin Freitag ya ɗauki ma'aikata na musamman da aikinsu kawai farautar tamfol daga kamfanonin sufuri a faɗin Turai, kuma wasu launukan da wuya ake samun su.

10/
Kuma saya suke yi, ba tsinta ba. Nan ne kalmar "kyauta" ta fara mutuwa. Da zarar mai shara ya gane kana da buƙata, sharar ta zama haja. Bayan saye ga kuɗin dako, ga cire ƙarafa da igiyoyi, ga yar da wuraren da suka ruɓe. Wani kaso na abin da ka biya kuɗi a kai juji zai koma.

11/
Matsala ta biyu: wanki. Tamfol ɗin da ya shekara da shekaru a kan titi ya sha hayaƙi, baƙin mai da ƙura. Wanke ɗaruruwan tan a shekara na cin ruwa ba kaɗan ba. Shi ya sa masana'antar da suka koma a unguwar Oerlikon a 2011 ke tara ruwan sama daga rufi, da shi ake wankin.

12/
Ta uku: abin da ido ba ya gani. Tsohon tamfol na iya ɗauke da sinadarai masu cutarwa da aka yi amfani da su tun lokacin ƙera shi, don haka sai an gwada kafin a yanka. Mu ma darasin ya shafe mu kai tsaye: buhun da aka zuba taki ko maganin ƙwari bai kamata ya zama jakar cefane ko jakar abincin yaro ba.

13/
Ta huɗu: kwaikwayo. A 1997 wani babban kanti na ƙasar ya fito da jaka mai kama da tasu, da sabuwar roba, a farashi mai rahusa. Freitag a Jamusanci na nufin Juma'a, sai kantin ya raɗa wa tasa Donnerstag, wato Alhamis 😅 Surutun jama'a ya sa aka janye ta. Amma ƙaramin mai sana'a nawa ne zai samu jarida ta tsaya masa?

14/
Yaya suka rayu? Sun ƙi shiga gasar araha. Mai yanka ne ke zaɓen inda rubutu ko launi zai faɗo, don haka babu biyu masu kama ɗaya. Abin da ya zama cikas suka mayar abin talla. Da yawa daga jakunkunansu sun haura faran 200 na Suwizalan. Amma fa suna zaune ne a ɗaya daga ƙasashe mafi arziki a duniya.

15/
To idan babu masu saye irin na Zurik fa? Zango na biyu: ƙauyen Njau a Gambiya, 1997. Leda ta cika gari. Awaki na ci suna mutuwa, ruwa na kwanciya a cikinta sauro na hayayyafa, mata na hura wutar girki da ita suna shaƙar hayaƙin. Duk wanda ya tashi a Arewa ko Nijar ya san wannan hoton.

16/
Wata mata, Isatou Ceesay, ta koyi dabarar sake sarrafa leda ta hannun wata 'yar sa-kai ta shirin Peace Corps na Amurka. Ita da mata huɗu suka fara: a tsinto leda, a wanke, a shanya, a yanka ta siri-siri kamar zare, sannan a saƙa ƙananan jakunkunan zuba kuɗi.

17/
Cikas ɗinsu na farko bakin mutane ne. An yi musu dariya, an kira su ƙazamai masu tonon juji, har ta kai da farko a ɓoye suke aikin. Sai da kuɗi ya fara shigowa, ana biya wa yara makaranta, sannan masu dariya suka fara tambayar yadda ake shiga ƙungiyar. Wannan ƙyamar har yau 'yan jari bola na fama da ita a garuruwanmu.

18/
Na biyu: lokaci. Saƙar kwarashi aikin hannu ce zalla, 'yar jaka ɗaya na iya cinye awanni da dama. Injin leda kuwa na fitar da dubbai kafin ka gama shan shayi. Idan aka raba kuɗin jakar da awannin da aka ɓata, sai ka ga ribar ta dogara ne kan mai saƙar ta yarda ta sayar da wuninta da araha.

19/
Na uku ya zo ta inda ba a zata ba: doka. A 2015 Gambiya ta haramta ledar cefane. Kafin ita Bangaladash ta yi a 2002, Ruwanda a 2008, sai Kenya a 2017 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 4. Abin alheri ne ga ƙasa, amma ka ga sana'ar da ta jingina da leda, rana ɗaya gwamnati na iya rufe mata rijiya.

20/
Matan Njau ba su tsaya kan jaka kaɗai ba. Ƙungiyar ta faɗaɗa zuwa wasu sana'o'i, ciki har da yin gawayin girki daga sharar gona irin ɓawon gyaɗa, ga koyar da adashi da ajiyar kuɗi. A 2015 ne kuma aka wallafa littafin yara One Plastic Bag kan labarin Isatou, wanda ya kai sunan Njau ƙasashen waje.

21/
Zango na uku: Ghana. Amma kafin mu isa Accra, mu ɗan tsaya a watan Janairun 1983. Gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙi marasa takardu su bar Najeriya. Kusan 'yan Ghana miliyan ɗaya suka kama hanya, da yawansu kayansu cikin wata ƙatuwar jaka mai zanen ɗaki-ɗaki ja da shuɗi. Sunan ya bi ta har yau: Ghana Must Go.

22/
Me ya kawo ta nan? Ita ce zakaran gwajin dafi a kasuwar talaka. Da sabon zaren roba ake saƙa ta, inji ke yi, ga girma, ga sauƙi, ga araha. Duk mai ɗinka jaka da bola a Afirka ta Yamma, da ita mai saye zai auna shi: "Nawa taka? Ai da wannan kuɗin sai in sayi Ghana Must Go biyu."

23/
Abin dariya, a tarin kayansa na 2007 kamfanin Louis Vuitton ya fito da jaka mai wannan zanen sak, da tambarinsa a jiki, a farashin masu hannu da shuni. Zane ɗaya, a nan alamar gudun hijira, a can ado. Wato farashin jaka ya fi dogara da wanda ke saye da sunan da ke jikinta fiye da abin da aka yi ta da shi.

24/
A wannan shekarar ta 2007 aka kafa Trashy Bags a Accra, ɗaya daga waɗanda suka kafa shi wani Baturen Ingila ne, Stuart Gold. Kayan aikinsu ledar fiya-wata, wadda ta mamaye Ghana da Najeriya tun shekarun 1990. Rabin lita, ka fasa da haƙori, ka shanye, ka yar. Sun haɗa da ledar askirim da ta yogot saboda launi.

25/
Zubar da ledar nan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar 3 ga Yuni 2015 ruwan sama ya mamaye Accra, magudanai sun toshe da shara, mai ya malala daga wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu. Toshewar kwata na cikin abubuwan da aka ɗora wa alhakin ambaliyar.

26/
Tsarin Trashy Bags bai haɗa da narkarwa ba. Ana biyan masu tsinta, a farke kowace leda, a wanke, a kashe ƙwayoyin cuta, a shanya a rana, a miƙar da ita da hannu, a jera a ɗinke su zama shimfiɗa kamar yadi. Sai bayan nan tela zai fara yanka. Ƙirga hannu nawa leda ɗaya ta bi kafin ta ga zif.

27/
Wankin nan ba a yi masa ha'inci. Ledar ta shiga bakin wani, ta kwana a kwata. In aka bar danshi, jaka za ta yi wari da fumfuna, mai saye ba zai dawo ba. Su kuma masu tsinta na fuskantar fasasshiyar kwalba da allurar asibiti. Safar hannu, takalmi da magani duk kuɗi ne da ba a gani a jikin jaka.

28/
Ga matsalar ɗinki. Yadi in allura ta shiga, zarensa na matsawa ya koma. Leda kuwa duk hujin allura na nan har abada. In ɗinkin ya yi ƙanana, ka yi mata layin yagewa ke nan kamar na rasit. Dole a tsawaita ɗinki, a ninka leda, a sa shafi. Rana ma na busar da ita ta riƙa karyewa.

29/
Duk da haka sun ɗauki teloli da dama aiki, sun kwashe miliyoyin leda daga titi, daga baya suka ƙara da tsofaffin banonin allunan talla. Amma su wa ke saye? Akasari baƙi 'yan yawon buɗe ido da masu oda daga waje. Ka tuna a Maris 2020 Ghana ta rufe iyakokinta saboda korona, jirage ba su dawo ba sai Satumba. Kasuwa irin wannan ba ta da tabbas.

30/
Odar waje ma da nata ciwon kan. Mai kanti a Turai zai ce yana son ɗaruruwa, launi ɗaya, girma ɗaya, ranar kaza. Bola ba ta san oda ba. Yau ka samu shuɗi, gobe fari, damina ta zo shanya ta gagara. Ga kuɗin jirgi, ga takardun fitar da kaya. Ƙaramin mai sana'a na iya samun odar da za ta karya shi.

31/
Akwai kuma masu neman ledar tare da kai: masu injin niƙa roba. Su a kilo suke saye, ba ruwansu da launi ko yagewa, su narka su yi ƙwayoyin da ake ƙera buta, bokiti da silifas. Kai kana son mai kyau, marar yagewa, a zaɓe. Mai tsinta zai kai inda aka fi sauƙi, sai dai ka ƙara masa kuɗi.

32/
Farashin ɗanyen mai ma na da hannu, tunda daga shi ake yin roba. A Afrilun 2020 farashin ya faɗi warwas, har na Amurka ya sauka ƙasa da sifili ranar 20 ga watan. Duk lokacin da mai ya yi araha, sabuwar roba na yin araha. Kuɗin wanki da ɗinkinka kuwa ba sa sauka.

33/
Mu dawo gida da lissafi. Leda ba nauyi amma tana cin wuri: ga haya, ga ƙorafin maƙwabta kan wari da ɓeraye, ga tsoron gobara. Ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa. Wuta sai janareta, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda ake ciki. Zif, zare, madauri da shafi duk sababbi ne, yawanci farashinsu dala yake bi.

34/
Sannan ga mai saye. Da ya ji "da bola aka yi", abin da ke zuwa ransa shi ne ya kamata ta fi sabuwa araha. Alhali ta fi sabuwa cin aiki. Wannan giɓin, tsakanin abin da jakar ta ci da abin da mutum ke ganin ta cancanta, shi ne ramin da yawancin masu farawa ke faɗawa.

35/
Amma akwai waɗanda suka daɗe suna cin abinci da sana'ar ba tare da hayaniya ba: telolin kasuwa masu mayar da buhun shinkafa, sukari da fulawa jakar cefane. Sirrinsu? Buhun na zuwa kusan a tsabtace, girma ɗaya, daga wuri ɗaya, misali gidan burodi. A ninke baki don kada ya zare, a sa hannu biyu, an gama.

36/
Ka lura abu ɗaya ne da abin da Freitag ke yi: suna karɓar tamfol daga hannun kamfanin sufuri kafin ya isa juji. Shara na yin tsada ne daga lokacin da ta taɓa ƙasa ta gauraya da wata. Wanda ya tare ta tun daga tushe ya rage tsinta, ya rage wanki, ya rage asara.

37/
Ga mai son gwadawa: ƙulla yarjejeniya da makaranta, gidan biki ko tashar mota su tara maka ledar ruwa a buhu. Nemi banonin 'yan siyasa bayan zaɓe, sun fi leda ƙwari nesa ba kusa ba. Samo oda kafin ka ɗinka, kamar jakar makaranta ko ta taro. Kuma ka sa kuɗin awanninka cikin lissafi, ko da kai kaɗai ne ma'aikacin.

38/
Ka kuma sa ido kan doka. Nijar ta kafa dokar hana leda tun 2014, duk da har yanzu tana nan a kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Legas ta fara aiwatar da haramcin wasu robobin amfani-ɗaya a Yulin 2025. Kada ka gina sana'a kan nau'in shara guda ɗaya. Matan Njau sun nuna amfanin samun ƙafa ta biyu.

39/
Gaskiya ɗaya kuma: jaka ba za ta share mana gari ba. Abin da ƙaramar masana'anta ta kwashe cikin shekaru, ƙasa guda na zubar da kamarsa cikin makonni kaɗan. Wannan aikin hukuma ne da kamfanonin da ke cika mana titi da leda. Abin da sana'ar ke iya yi shi ne ciyar da gidaje, in an yi lissafi da kyau.

40/
Idan kun san tela ko ƙungiyar mata a unguwarku da ke ɗinka jaka da buhu, bana ko ledar ruwa, ku ajiye hoton aikinsu da sunan garin a ƙasa. In kuma za ku saya, ku tuna hannu nawa ta bi kafin ku fara taya ta rabin kuɗi. Ku yaɗa zaren ya kai ga mai shirin zuba jarinsa 🙏🏾